ILIMIN TSARO TSAKANIN ƘASASHE: DARASI DAGA TSIBIRIN LETE

Duk mai sauraren rediyo ya san ba a rasa labarin faɗa a duniya. Yau a ce ƙasa kaza ta kai sojoji bakin iyaka. Gobe a ce an rufe hanya, ko an kori baƙi, ko an kira taron gaugawa a Majalisar Ɗinkin Duniya. Manomi yana iya cewa wannan maganar manya ce, ba ruwansa. Amma ran da aka rufe iyaka, albasar Galmi ce ke ruɓewa cikin mota. Ragon da aka kiwata don kasuwar Jibiya ko ta Illela shi ke rasa mai saye. Shinkafa, sukari da magani su ke yin tsada a kanti.

Akwai mutanen da aikinsu ke nan: binciken abin da ke jawo yaƙi tsakanin ƙasashe, da abin da ke hana shi. Ana kiran karatunsu ilimin tsaro tsakanin ƙasashe. Kashi 2 ne. Akwai kashin tunani, wanda ake koyo cikin aji da littattafai. Akwai kashin aiki, wanda ake yi a bakin iyaka, a wurin taron sulhu da gaban alƙalai. Kamar malamin gona ne: ya karanta halin ƙasa da halin iri a lakwal, sa'an nan ya shiga gona ya gwada.

INA WANNAN KARATU YA SAMO ASALI?

Tun zamanin da, sarakuna suna tunanin tsaron ƙasarsu. Sarkin Damagaram Tanimun ya kewaye birninsa da ganuwa, ya sa maƙera sun ƙera igwa. Katsinawan Maraɗi da Gobirawan Tsibiri sun haɗa kai don su tsaya gaban rundunar Sakkwato. Duk wannan dabarun tsaro ne.

Amma mai da shi karatu na jami'a, wannan ya zo bayan yaƙin duniya na farko, wanda aka yi daga 1914 zuwa 1918. Sojoji fiye da miliyan 8 suka mutu cikinsa. Har daga Afirka ta Yamma Faransa ta kwashi samari ta kai su fagen fama. Da aka gama, masana suka ce tilas a gano abin da ya kawo wannan masifa, don kada ta sake dawowa. A shekarar 1919 aka naɗa malami na farko na wannan fanni a wata jami'a ta yankin Wales, cikin ƙasar Birtaniya.

Karatun bai hana yaƙi na biyu ba. Daga 1939 zuwa 1945 mutane fiye da miliyan 50 suka halaka. A watan Agusta 1945 Amurka ta jefa bam na nukiliya kan garuruwan Hiroshima da Nagasaki na ƙasar Japan. Daga ranar nan kowa ya gane ɗan Adam ya samu makamin da ke iya share birni guda cikin ƙiftawar ido. Sai bincike ya ƙara ƙarfi.

DOMI ƘASASHE KE TSORON JUNA?

Wannan ita ce tambaya ta farko da ɗalibi ke gamuwa da ita.

A ƙauye, in mutum 2 suka yi gardama kan iyakar gona, sai su tahi wurin mai gari. In abin ya gagara, sai wurin sarki. In ya sake gagara, sai gaban alƙali. Wanda ya ƙi bin hukunci, akwai jandarma. Tsakanin ƙasashe kuwa babu sarkin da ke bisa kowa. Ƙasashe 193 ke cikin Majalisar Ɗinkin Duniya, kowace tana da ƴancin kanta. Babu jandarman duniya da ke zuwa ya kama ƙasa. Don haka kowace ƙasa tana dogara ga kanta.

Daga nan ake faɗawa cikin abin da za a iya kira tarkon tsoro. Ga misali. Maƙwabta 2 suna zaune lahiya. Na farko ya ji labarin ɓarayi, sai ya sayi takobi. Na biyu ya gani, ya ce a ransa: wa ake nufi da wannan takobi? Sai ya sayi kwari da baka. Na farko ya gani, ya ce lalle maƙwabcina yana shirya mini wani abu, sai ya nemi bindiga. Babu wanda ya yi nufin cutar wani tun farko. Amma ga shi kowa ya kashe kuɗɗinsa, kuma tsoro ya fi na da. Ran da akuyar ɗaya ta shiga garkar ɗaya, ana iya zubar da jini. Wani masani mai suna John Herz ya bayyana wannan tarko a shekarar 1950.

Haka Amurka da Tarayyar Sobiyet suka yi bayan 1945. Kowace ta tara bama-baman nukiliya dubbai. A watan Oktoba 1962 aka gano Sobiyet ta kai rokoki tsibirin Kuba, kusa da gaɓar Amurka. Kwana 13 duniya tana bakin halaka. Shugaba Kenedi da shugaba Kurushef suka ja da baya: Sobiyet ta kwashe rokokinta, Amurka ta yi alkawarin ba za ta mamaye Kuba ba, daga baya kuma ta janye nata daga Turkiyya. A 1963 suka shimfiɗa layin aika saƙo kai tsaye tsakanin manyan biranensu. Sun gane maganin zato shi ne magana.

HANYOYI 4 NA NEMAN TSARO

Masana sun duba tarihi, sun ga ƙasashe suna bin manyan hanyoyi 4.

Ta 1, ƙarfin kai. Ƙasa ta tanadi sojoji da makamai, don mai son taɓa ta ya san zai sha wuya. Wannan hanya tana da amfani, amma tana cin kuɗɗi ƙwarai, kuma ita ke kai ga tarkon tsoro. Wata cibiyar bincike ta ƙasar Suwidin mai suna SIPRI, wadda aka kafa a 1966, tana lissafin abin da ake kashewa. Ta ce a shekarar 2023 ƙasashen duniya sun kashe fiye da dalar Amurka miliyar 2400 kan aikin soja. Kuɗɗin da ya tahi wurin igwa, bai tahi wurin rijiya ba.

Ta 2, ƙawance. Ƙasashe su yi alkawari cewa wanda ya taɓa ɗaya ya taɓa duka. Haka aka kafa ƙungiyar OTAN a 1949. Haka kuma Mali, Burkina Faso da Nijar suka sa hannu kan yarjejeniyar kafa AES ran 16 ga Satumba 2023. Ƙawance yana ƙara ƙarfi. Haɗarinsa shi ne faɗan aboki yana iya jawo wanda bai shirya ba. Yaƙin 1914 ya soma daga kisan yarima guda a garin Sarayebo, alkawuran ƙawance suka ja manyan ƙasashen Turai ciki ɗaya bayan ɗaya.

Ta 3, tsaron gayya. Kowa ya san gayya: gonar mutum guda ce, amma gari duka ke fitowa. A nan ƙasashe duka ke yin alkawarin taruwa kan duk wadda ta fara kai hari, ko wace ce. Kan wannan tunani aka gina Majalisar Ɗinkin Duniya.

Ta 4, doka da shari'a. Ƙasashe su rubuta yarjejeniya, su sa hannu. In gardama ta taso, su zauna su tattauna, ko su nemi mai shiga tsakani, ko su kai ƙara kotu.

Malamai ba su yarda da juna ba kan wadda ta fi. Wasu na cewa ƙarfi ne gaskiyar duniya, takarda ba ta tsai da harsashi. Wasu na cewa ciniki, doka da sabo da juna suna iya canza halin ƙasashe. Ɗalibi yana koyon hujjar kowane ɓangare, sa'an nan ya auna ta da abin da ya faru a zahiri.

MAJALISAR ƊINKIN DUNIYA DA KWAMITIN SULHU

An kafa Majalisar ran 24 ga Oktoba 1945, da ƙasashe 51. Nijar ta shiga ran 20 ga Satumba 1960, bayan ta samu ƴancin kai ran 3 ga Agusta. Dokar Majalisar ta hana ƙasa ta yi amfani da ƙarfi kan wata ƙasa. Wuri 2 kaɗai aka bari: in ƙasa tana kare kanta daga hari, ko in Kwamitin Sulhu ya ba da izini.

Kwamitin Sulhu yana da kujeru 15. Ƙasashe 5 suna zaune dindindin: Amurka, Rasha, Sin, Faransa da Birtaniya. Sauran 10 ana zaɓensu na shekara 2. Nijar ta zauna a kwamitin sau 2: daga 1980 zuwa 1981, da kuma daga 2020 zuwa 2021. Kafin shawara ta wuce, sai ƙasashe 9 sun yarda. Amma in ɗaya daga cikin manyan nan 5 ta ce a'a kan babbar magana, shawarar ta mutu. Shi ake kira hawa kujerar na ƙi.

Nan ne raunin gayyar yake. A 2003 Amurka da Birtaniya sun shiga Iraƙi ba tare da kwamitin ya ba da izinin yaƙin ba. A watan Fabrairu 2022 Rasha ta shiga Ukiren, ta kuma hau kujerar na ƙi da aka kawo maganar. Afirka tana da ƙasashe 54 cikin Majalisar, amma ba ta da kujerar dindindin ko ɗaya. Tun 2005 ƙasashen Afirka suka haɗa baki suna neman kujeru 2.

TSIBIRIN LETE: YADDA GARDAMA TA TASO

Don a ga yadda tunanin aji ke zama aiki, ga labarin da ya faru a gida.

Lete tsibiri ne cikin kogin Isa, wanda wasu ke kira Kwara, a yankin Gaya. Tsawonsa wajen kilomita 16, faɗinsa wajen kilomita 4. Ƙasarsa tana da albarka. In ruwa ya janye, ciyawa na fitowa, noma na yin kyau. Fulani makiyaya daga gaɓar Nijar suna zaune cikinsa da shanunsu. Manoma daga gaɓar Dahome, ƙasar da ake kira Benin tun 1975, su ma suna cewa gonakin kakanninsu ne.

Zamanin mulkin mallaka Nijar da Dahome duka suna hannun Faransa. Kogin shi ne tsakaninsu, amma ba a rubuta ƙarara inda iyaka ta bi cikin ruwa ba. Gaɓar hagu ce? Tsakiyar ruwa ce? Tsibiran na wa ne? Muddin mai mulki guda ne, abin bai dami kowa ba sosai. Da ƴancin kai ya matso, sai tambayar ta zama babba. A ƙarshen watan Yuni 1960 aka yi faɗa cikin tsibirin, aka rasa rayuka.

A ƙarshen 1963 abin ya ƙara tsanani. Soja sun kifar da gwamnatin Dahome a watan Oktoba. Zato ya shiga tsakanin gwamnatocin 2. A watan Disamba Nijar ta sallami ƴan Dahome masu yawa da ke aiki a ƙasar, cikinsu har da ma'aikatan gwamnati. Dahome kuma ta toshe hanya. Nijar ba ta da teku. A lokacin, kayanta da yawa suna sauka tashar jirgin ruwa ta Kwatano, su hau jirgin ƙasa zuwa Paraku, sa'an nan su shiga mota zuwa Gaya. Wani kashi na gyaɗar da manoma suka noma ta nan yake fita. Kowace ƙasa ta matsar da sojoji kusa da kogi. Tarkon tsoro ke nan, ya kusa rufewa kan ƙasashe 2 matalauta.

Maƙwabta suka shiga tsakani. A watan Janairu 1965 aka yi taro a Yamusukuro, ƙasar Kodibuwar, garin shugaba Ufuwet Buwanyi. Aka shirya cewa mutanen ƙasashen 2 su ci gaba da zama cikin tsibirin tare, har ran da za a yanke magana. Wannan bai warware gardamar ba, amma ya hana yaƙi. Masana suna kiran irin wannan sanyaya rikici.

Akwai kuma wata ƙa'ida da ta taimaka. An kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ran 25 ga Mayu 1963 a Adis Ababa. A taronta na Alƙahira, cikin Yuli 1964, shugabanni suka amince kowace ƙasa ta mutunta iyakar da ta gada ranar samun ƴanci. Sun san Turawa ne suka ja layukan nan, sun raba dangi da dangi, kamar yadda aka raba Maraɗi da Katsina. Amma sun ga in aka ce kowa ya gyara iyaka da ƙarfi, Afirka duka za ta kama da wuta.

YADDA KOTU TA YANKE HUKUNCI

Maganar Lete ta kwanta shekaru da yawa, tana tashi jefi-jefi. A 1994 ƙasashen 2 suka kafa kwamitin haɗin gwiwa don shata iyaka. Ya yi zama har zuwa shekarar 2000, bai cimma daidaito ba. Sai shugaba Tanja Mamadu da shugaba Matiyu Kereku suka zaɓi hanyar shari'a. Ran 15 ga Yuni 2001 aka sa hannu kan yarjejeniya a Kwatano. Kowace ƙasa ta yi alkawari tun da wuri cewa za ta karɓi hukunci, ko ya yi mata daɗi ko bai yi ba. A watan Mayu 2002 aka shigar da maganar Kotun Duniya da ke birnin Lahai, ƙasar Holan.

Alƙalai 5 suka zauna. Shugabansu, Raymond Ranjeva, ɗan Madagaska ne. Kowace ƙasa ta zaɓi alƙali guda: Nijar ta zaɓi Muhammad Bejawi ɗan Aljeriya, Benin ta zaɓi Muhammad Bennuna ɗan Maroko.

Tambayar da ke gabansu ita ce: ina iyaka take a farkon watan Agusta 1960, lokacin da ƙasashen 2 suka samu ƴanci? Don haka aka shiga tonon tsofaffin takardu. Benin ta ce iyaka tana gaɓar hagu, kogin da tsibiransa duka nata ne. Ta kawo wata wasiƙa ta 1954 daga ofishin gwamnan Nijar na lokacin. Nijar ta ce iyaka tana bin hanyar jirgi, wurin da ruwa ya fi zurfi. Ta kawo wasiƙar kumandan Gaya ta 1914, wadda ta nuna haka aka shirya tsakanin masu mulkin gaɓa 2. Ta kuma kawo shaidar cewa hukumar Gaya ce ke kula da Lete, ita ke karɓar haraji a can.

Ran 12 ga Yuli 2005 kotu ta yanke hukunci. Ta ce babu wata doka ta zamanin Turawa da ta shata iyaka cikin kogin, don haka sai a duba wanda ke gudanar da mulki a zahiri. Iyaka ta bi layin da ruwa ya fi zurfi. Cikin tsibirai 25, Nijar ta samu 16, har da Lete. Benin ta samu 9. A yankin kogin Mekuru kuma, kotu ta ba Benin gaskiya: iyaka ta bi tsakiyar kogin, ba layin da Nijar ta nema ba. Kotu ta ƙara da cewa raba tsibirai tsakanin gwamnatoci bai soke haƙƙin da wani mutum yake da shi can ba.

Kowa ya samu, kowa ya rasa. Ƙasashen 2 suka karɓa. Gardamar shekara 45 ta ƙare ba tare da runduna ta yi karo da runduna ba.

A nan akwai abin lura ga duk wanda ke zuwa cibiyar yaƙi da jahilci. Abin da ya yanke maganar Lete takarda ce: wasiƙa, rajistar haraji, taswira da rahoton masu awon zurfin ruwa. Rubutun da aka yi shekara 90 baya shi ya tsaya shaida, bayan duk waɗanda suka rubuta shi sun mutu.

WAƊANDA SUKA FARA DA BINDIGA

Mali da Burkina Faso ma sun yi irin wannan gardama, kan wani zirin ƙasa mai suna Agasher, mai tsawon wajen kilomita 160. Sun yi arangama a 1974. Sun kai magana Kotun Duniya, amma kafin hukunci ya fito, ran 25 ga Disamba 1985, yaƙi ya ɓarke. Kwana 5 aka yi, jiragen sama suka jefa bama-bamai, sojoji da talakawa suka mutu. Ran 22 ga Disamba 1986 kotu ta raba zirin kusan biyu daidai, duka suka karɓa. Wurin da aka ƙare shi ne wurin da za a iya zuwa tun farko ba tare da gawa ba.

Nijar da Burkina Faso sun ɗauki wannan darasi. Sun kai maganar iyakarsu kotu a 2010, hukunci ya fito ran 16 ga Afrilu 2013. Alƙalai suka roƙi gwamnatocin 2 su kula da bukatun mazauna wurin, musamman makiyaya masu ƙetare iyaka. Najeriya da Kamaru ma kotun nan ce ta raba su kan yankin Bakasi a 2002, Najeriya ta gama miƙa shi a 2008.

Sai dai hukunci ba ya kashe duk wani saɓani. A 2023, bayan canjin mulki na 26 ga Yuli a Yamai da takunkumin ƙungiyar CEDEAO, an rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil. Motoci suka yi layi, kaya suka yi tsada. Wannan saɓani ba kan tsibiri ba ne, kan siyasa da rashin yarda ne. Yarda tsakanin ƙasashe kamar garka take: kullum tana son ban ruwa.

SOJOJI MASU SHUƊIN HULA

Wani sashe na aikin shi ne kiyaye zaman lahiya. In masu faɗa sun yarda su tsagaita wuta, Majalisar Ɗinkin Duniya tana aika sojoji daga ƙasashe dabam-dabam su tsaya tsakani. An fara da masu sa ido a 1948, a Gabas ta Tsakiya. Runduna ta farko mai makami ta tahi Masar a 1956. Ƙa'idodinsu 3 ne: masu rikici su yarda da zuwansu, kada su goyi bayan kowa, kada su yi harbi sai don kare kai ko kare aikin da aka ba su.

Aikin yana da haɗari. A watan Yuni 2012 an kashe sojojin Nijar 7 a yammacin Kodibuwar. A watan Oktoba 2014 an kashe 9 a arewacin Mali. Wani lokaci kuma aikin yana kasawa. A Ruwanda, cikin 1994, an kashe mutane wajen 800 000 cikin kwana 100, alhali akwai rundunar Majalisar a ƙasar, ƙarama, ba ta da izini ko ƙarfin hanawa. Ɗalibai suna nazarin wannan kasawa kamar yadda suke nazarin nasara.

TSARON ƘASA DA TSARON MUTUM

Da can, in an ce tsaro, iyaka da soja ake nufi. A 1994 wani rahoto na Majalisar Ɗinkin Duniya ya faɗaɗa maganar. Ya ce a duba mutum kansa: yana da abinci? Yana da lahiya? Yana da abin yi? Yana kwana ba fargaba?

Mutanen Sahel sun san wannan tun kafin a rubuta shi. Farin 1973 da 1974 ya kashe dabbobi, ya tashi garuruwa, babu sojan wata ƙasa da ya harba bindiga. Don haka ƙasashen yankin suka kafa ƙungiyar CILSS a 1973, don yaƙi da fari. Ruwa ma yana iya haɗa faɗa, shi ya sa tun 1964 Nijar, Najeriya, Cadi da Kamaru suka kafa hukumar tafkin Cadi. Ƙasashe 9 kuma suna cikin hukumar kogin Isa, mai mazauni a Yamai.

Yawancin rikicin wannan zamani ba na ƙasa da ƙasa ba ne. Na ƙungiyoyi ne masu makamai, waɗanda ba su san iyaka ba. Bayan faɗuwar gwamnatin Libiya a 2011, makamai sun watsu cikin Sahel. A watan Fabrairu 2015 Boko Haram ta kai hari Boso da Difa. Ƴan bindiga masu satar shanu da mutane sun addabi ƙauyukan iyakar Maraɗi da Tawa. Ƙasa guda ba ta iya maganin irin wannan ita kaɗai, don iyakar Nijar da Najeriya ta kai wajen kilomita 1500. In gemun ɗan uwa ya kama wuta, sai mutum ya shafa wa nasa ruwa.

Nijar tana da nata misalin sulhu na cikin gida. Ran 24 ga Afrilu 1995 gwamnati da ƴan tawayen arewa suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lahiya. Ran 25 ga Satumba 2000 aka tara bindigogi a Agadas aka cinna musu wuta.

SU WA KE YIN WANNAN KARATU?

Hafsoshin soja suna yin sa. Jakadu da ma'aikatan harkokin waje suna yin sa. Haka lauyoyi, ƴan jarida da masu aikin agaji. Suna koyon tarihi, labarin ƙasa, dokar ƙasa da ƙasa, tattalin arziki da harsuna. Suna koyon karanta taswira da rubuta yarjejeniya. Ana kuma yi musu gwaji: a raba aji gida 2, kowane ya zama wakilin wata ƙasa, a ba su gardama su warware. A nan ɗalibi ke gane cewa sauraro rabin sulhu ne.

A Afirka ta Yamma akwai makarantu na musamman. A Akara, ƙasar Gana, akwai cibiya mai sunan Kofi Anan, wanda ya shugabanci Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1997 zuwa 2006. A Bamako akwai makaranta mai sunan Aliyun Bulondin Bey, ɗan Mali da ya rasu cikin haɗarin jirgin sama a 1998, yana kan aikin sulhunta ƴan Angola. Ƙofar shiga duk waɗannan ita ce lakwal ta ƙauye. Yaro ko yarinyar da aka bari ta yi karatu yau, tana iya zama wadda za ta tsaya wa ƙasa gaban alƙalai gobe.

RABON MUTANEN ƘAUYE

Faɗan Lete bai fara daga fadar shugaban ƙasa ba. Ya fara daga gona da makiyaya. Don haka mutanen karkara, musamman na bakin iyaka, suna da nasu aiki.

Kada a taɓa dutsen iyaka, kada a gusar da shi.

Kada a noma burtali ko a toshe hanyar mashaya. Makiyayi kuma ya kiyaye gonar da ba a kwashe ba.

Gardamar gona a kai ta wurin mai gari da kwamitin kula da filaye, wanda dokar karkara ta 1993 ta tanada. In an sasanta, a rubuta, a sa hannu, a adana takardar.

Mai ƙetare iyaka da dabbobi ya riƙe takardunsa da na rigakafin dabbobinsa.

Kada a yaɗa jita-jita. Labarin da ya zo ta salula, a bincika shi kafin a tura wa wani.

Laifin mutum guda kada a ɗora shi kan ƙabilarsa duka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A CIBIYA

1. Mine ne tarkon tsoro? An taɓa ganin irinsa tsakanin gidaje ko garuruwa 2?

2. Cikin hanyoyi 4 na neman tsaro, wace Nijar da Benin suka bi kan maganar Lete?

3. Wace irin shaida ce alƙalai suka duba kafin su yanke hukunci?

4. Mi ya bambanta labarin Lete da na Agasher?

5. Waɗanne takardu ya kamata gari ya adana, kuma a hannun wa?